Fayil ɗin mai manhaja daban, naka daban

A shekarun da na yi ina kula da sabobin Linux, wato kwamfutocin da ke yi wa sauran na'urori hidima, a wata ƙaramar cibiyar kwamfuta da ke Samaru, ban ga tambayar da ake amsawa da gaggawa kamar wadda dpkg, manhajar da ke girka ƙunshin manhajoji, ke yi a tsakiyar sabunta Ubuntu ko Debian ba. Aiki yana tafiya sai allo ya tsaya, a sanar da kai cewa wani fayil ɗin saiti da ke cikin /etc, foldar da ake ajiye saituna, ya sha bamban da wanda sabon ƙunshi ya zo da shi, sannan a nemi ka zaɓa: ka karɓi sabon, ka riƙe naka, ko ka duba bambancin. Amsar da aka tanada tun farko ita ce ka riƙe naka, kuma a Zariya, inda sau da yawa ake wannan aiki ido ɗaya a kan allo ɗaya a kan man janareta, kusan kowa danna Enter yake yi ya wuce.

Na daɗe da daina ɗaukar wannan amsa a matsayin tudun mun tsira. Idan ka riƙe naka, dpkg yana ajiye sabon a gefe da ƙarin suna .dpkg-dist, idan kuwa ka karɓi sabon, naka ya koma .dpkg-old. A Fedora da Red Hat ba a ma tambayarka, sai dai ka tarar da .rpmnew ko .rpmsave, a Arch kuma .pacnew. Duk inda aka je maganar ɗaya ce, wato an bar maka aikin haɗa fayiloli biyu, kuma ba safai ake komawa a yi shi ba. Sakamakon shi ne sabuwar manhaja tana gudana a kan tsohon saiti, duk gyaran tsaro da masu ita suka yi a fayil ɗin saitin bai shigo ba. Waɗanda suka tashi daga Ubuntu 12.04 zuwa 14.04 a shekarar 2014 sun ga wannan ƙuru-ƙuru, domin Apache, manhajar da ke ɗauke da shafukan intanet, ya koma 2.4 daga 2.2, umarnin LockFile da ke cikin tsohon apache2.conf ya daina aiki har sabar ta ƙi tashi, wanda kuma ya karɓi sabon fayil ya tarar ba a karanta saitin shafukansa sai sunansu ya ƙare da .conf.

Hanyar da ta fi ita ce kada a taɓa fayil ɗin mai manhaja tun farko. Mutanen BSD, wani dangin manhajojin gudanar da kwamfuta mai kama da Linux, sun daɗe a kan haka: a FreeBSD ainihin saiti yana /etc/defaults/rc.conf, naka kuma a /etc/rc.conf, a OpenBSD kuwa ana barin rc.conf yadda ya zo a yi rubutu a rc.conf.local. A systemd, mai tayar da manhajoji a Linux, saitin masu ƙunshi yana ƙarƙashin /usr/lib, umarnin systemctl edit kuma yana buɗe maka ɗan fayil mai suna override.conf a cikin /etc, inda za ka rubuta layin da kake son sauyawa kaɗai. OpenSSH, manhajar shiga saba daga nesa, ya samu umarnin Include, mai janyo saiti daga wasu fayiloli, a ɓangaren saba a sigar 8.2 ta shekarar 2020, shi ya sa daga Ubuntu 20.04 ake da folda sshd_config.d. Fayil ɗin da ba ka taɓa ba, sabuntawa za ta maye gurbinsa ba tare da tambaya ba, naka mai layi uku ko huɗu kuma yana nan inda ka bar shi.

Sai dai akwai tarko a nan, kuma shi ya fi cin lokaci. Manhajoji ba su yi ittifaƙi a kan wane fayil ne ke rinjaye ba. A sysctl.d, foldar saitin cibiyar Linux, na ƙarshe a jerin suna shi ke da magana, shi ya sa aka saba fara suna da 99. A sshd kuwa, wato ɓangaren saba na OpenSSH, ƙimar da aka fara karantawa ita ke tsayawa, don haka wanda ya hana shiga da kalmar sirri a fayil mai lamba 99, alhali 50-cloud-init.conf ya riga ya halatta, ƙofarsa a buɗe take yana zaton ya kulle. Gani ya kori ji, saboda haka bayan kowane sauyi nakan nemi sshd -T ya nuna mini abin da yake aiki da shi a zahiri, systemctl cat kuma ya jero fayilolin da ya haɗa.

Ubuntu yana fitar da siga mai dogon tallafi duk shekara biyu a watan Afrilu, tallafin yana kai shekara biyar, masu bautar ƙasa da ɗaliban da ke zuwa sanin makamar aiki kuwa da wuya su wuce shekara guda a wurinmu. Wanda zai sabunta sabar galibi ba shi ya saita ta ba. Don haka muka sa /etc a ƙarƙashin git, mai adana tarihin kowane sauyi, ta hanyar manhajar etckeeper, muka kuma wajabta rubuta dalili da kwanan wata a saman kowane fayil namu. Manhajojin da har yanzu fayil ɗaya tak suke karantawa, su kam dole a zauna da diff, mai nuna bambancin fayiloli biyu, a bi su layi-layi, kuma mukan kwafe su zuwa wata na'ura kafin a fara sabuntawa.