Abin da gyaran injin cika harsashi ya koya mini

A Amurka akwai mutane da yawa waɗanda ba sa zubar da kwanson harsashi bayan sun harba shi. Suna tsince shi, su wanke, su sake cika shi da albarushi, su ɗora masa sabon kai, ya koma harsashi kamar yadda yake a da. Dokar tarayya ta ƙasar ta yarda mutum ya yi haka domin amfanin kansa, amma wanda yake so ya mayar da abin sana'a yana sayarwa sai ya nemi lasisi. Wannan ya sha bamban da Najeriya, inda dokar makamai ta 1959 ta hana ɗaiɗaikun mutane ƙera harsashi ko haɗa shi. Yawancin masu wannan aiki a nan Amurka 'yan gasar harbi ne da mafarauta, kuma ni aikina shi ne duba injinan da suke kawowa shagon da nake aiki idan sun ƙi tafiya daidai.

Injin cika harsashi iri-iri ne. Akwai mai tasha ɗaya, wanda yake yin aiki guda a kan kwanso guda a kowane jan hannu, akwai kuma mai tashoshi da yawa, wanda shi ne abin da nake magana a kai. Wannan na biyun yana da faifan ƙarfe mai zagayawa wanda yake riƙe kwanso huɗu ko biyar ko fiye a lokaci guda, kuma a samansa akwai bututun ƙarfe masu zare da ake kira dayis, kowanne da aikinsa. A injin mai tasha biyar, tashar farko tana matse kwanso ya koma girmansa na asali tare da fitar da tsohuwar firama, wato ɗan ƙaramin maɓallin da ke gindin harsashi wanda yake ƙyasta wuta idan an buge shi. A tasha ta biyu ake saka sabuwar firama a zuba albarushi, ta uku tana duba yawan abin da aka zuba, ta huɗu tana zaunar da kan harsashi, ta biyar kuma tana matse bakin kwanso. Kamfanin Star da ke San Diego ya ƙera irin wannan inji tun shekarun 1930, amma kamfanin Dillon na garin Scottsdale a jihar Arizona ne ya sa ya shiga gidajen jama'a sosai. Samfurinsa na 550 yana da tasha huɗu kuma da hannu ake juya faifansa, shi kuwa XL750 da ya fito a 2019 yana da biyar kuma yana juya kansa, kamar yadda Lock-N-Load AP na kamfanin Hornady yake yi. Mai irin wannan inji yana iya cika harsasai ɗaruruwa a cikin awa guda.

Darasin da ya fi daɗewa kafin ya zauna mini shi ne cewa a wannan inji wurin da matsala take bayyana ba kasafai yake zama wurin da ta samo asali ba. Tun da ayyuka biyar suke gudana a jan hannu ɗaya, duk abin da ya taɓa ɗaya sai ya taɓa sauran, kuma hannun mai aiki yana jin nauyinsu ne a haɗe, ba ya iya rarrabe wanne ne ya cije. Mutum zai zo yana cewa na'urar firamarsa ta lalace domin firama tana shiga a karkace ko a kife, alhali kuwa teburin da ya ɗaure injin a kai ne yake rawa, kuma girgizar ce take kifar da firamar kafin ta kai gindin kwanso. Wani zai ce dayis ɗin zaunar da kai ba shi da kyau domin tsawon harsasansa yana bambanta, amma da an duba sai a tarar notin da ke tsakiyar faifai ne ya saki, faifan yana ɗan karkata duk lokacin da tashar farko ta danna kwanso da ƙarfi. Wannan notin yana da wuyar sha'ani, domin idan aka ɗaure shi sosai faifai ya ƙi juyawa, idan kuma aka sassauta ya yi lilo, saboda haka ana ɗaure shi ne har ya kama, sannan a warware shi kaɗan har faifan ya juya ba tare da ya yi motsi sama da ƙasa ba. Ko da komai yana daidai, harsashin farko da na ƙarshe sukan ɗan bambanta da na tsakiya a tsawo, saboda an cika su ne lokacin da faifan bai cika da kwanso ba, don haka ba a saita zurfin kai sai dukkan tashoshi suna ɗauke da kaya.

Dattijon da na koyi aiki a hannunsa ba ya yarda a taɓa sifana kafin a taɓa buroshi, kuma shekarun da na yi a wannan aiki sun nuna mini yana da gaskiya. Mafi yawan injinan da ake kawo mana babu abin da ya karye a cikinsu, datti ne kawai. Na taɓa kwance wani inji da mai shi ya rantse cewa sai an canza masa dukkan na'urar firama, domin kowace firama tana fitowa da ɗan lotsawa a fuskarta. Da na haska tocila a cikin ɗan kofin da yake ɗaga firamar, sai ga ƙwayar albarushi guda ɗaya ta maƙale a kan 'yar sandar da take tura firamar, ta baje saboda yawan dannawa, tana buga tambarinta a kan duk firamar da ta hau. Tsinken sakace ya ishe ta. Ƙwayar ta fito ne daga tasha ta biyu, inda faifai yake fizga idan ya juya, kwanson da ke cike ya fantsalar da albarushi, wani ya faɗa ƙarƙashin faifai, wani ya cika ramin ɗan boris ɗin da yake tsayar da faifan a mazauninsa. Da ramin ya cika sai faifai ya daina tsayawa daidai saitin dayis, bakin kwanso ya riƙa karo da ƙarfe yana murƙushewa. Ke nan ƙwaya kaɗan sun haifar da alamu uku a wurare uku, kuma wanda ya bi kowace alama da sukurudireba zai ɓata saitin da lafiyarsa ƙalau.

Shi ya sa nake canza abu ɗaya tak a lokaci guda, in gwada, in rubuta, sannan in matsa gaba. Duk wanda ya taɓa gyaran keken ɗinki ya san cewa idan allura da ƙoshiya suka saɓa lokaci, juya kowane noti da ke jikin keken ba ya ƙara komai sai rikici, kuma haka abin yake a nan tsakanin juyawar faifai da fitowar firama.

Wani kaso babba na matsalolin kuma ba daga inji yake ba, daga kwanson da aka zuba masa ne. Masu tsintar kwanso a filin harbi suna kwaso kowane iri a haɗe, kuma kowane irin harsashi da lambar da ake kiransa da ita. Kwanson .380 yana kama da na 9mm ƙwarai, sai dai tsawonsa milimita 17 ne, na 9mm kuwa 19, kuma idan ya ɓuya a cikinsu hannu zai ji jan ya yi sauƙi fiye da yadda ya saba. Kwanson 9mm yakan shige cikin na .40, shi kuma ya shige cikin na .45, su toshe bututun da ke sauko da kwanso. Harsashin .45 ACP yana zuwa da ramin firama iri biyu, babba mai faɗin inci 0.210 da ƙarami mai inci 0.175, kuma babbar firama ba za ta taɓa shiga ƙaramin rami ba. Kwanson soja, kamar na 5.56, ana matse bakin ramin firamarsa tun daga masana'anta, sai an buɗe wannan matsin kafin sabuwa ta shiga. Sannan akwai firama irin ta Berdan, wadda kwansonta ba shi da huda a tsakiya, sai 'yan ƙananan huda a gefe, saɓanin irin ta Boxer da Amurkawa suke amfani da ita, kuma idan allurar fitar da firama ta sauka a kan irin wannan kwanso lanƙwashewa take yi ko ta karye. Lokacin da aka kashe ana tantance kwanso ɗaya bayan ɗaya a kan tire, da haske mai kyau, yana rage yawan tsayawar inji fiye da duk wani gyara da na sani.

Tsayawar inji kuwa ita ce abin da na fi jin tsoro, kuma a kanta na fi tsananta wa masu kawo mana aiki. Inji mai tafiya lami lafiya ba kasafai yake fitar da mugun harsashi ba. Haɗarin yana zuwa ne a lokacin da wani abu ya cije, mai aiki ya mayar da hannu baya daga rabin hanya, ya cire kwanso ɗaya, ya gyara, ya ci gaba ba tare da ya san halin da sauran huɗun suke ciki ba. A nan ne kwanso yake wucewa babu albarushi, ko ya sha zubi biyu. Wanda babu albarushi a cikinsa, ƙarfin firama kaɗai yana iya tura kansa ya maƙale a cikin bututun bindiga, kuma harbi na gaba zai tarar da hanya a toshe. Wanda ya sha zubi biyu yana iya fasa bindigar a hannun mai ita. Wannan ya fi sauƙin faruwa a harsashi irin .38 Special, wanda aka ƙirƙira a ƙarshen ƙarni na 19 domin baƙin albarushi mai cin wuri, saboda haka kwansonsa dogo ne, albarushin zamani kuwa ɗan kaɗan ne a can ƙasansa, zubi biyu ba zai cika shi ya zube har ido ya gani ba. A injin da ake juya faifansa da hannu, mantuwa ɗaya ta isa. Ƙa'idar da nake koya wa kowa ita ce, duk lokacin da inji ya tsaya, ko aka yi sallama a ƙofa, ko waya ta yi ƙara, a kwashe dukkan kwanson da ke kan faifai, a juye albarushinsu, a fara daga farko. Wasu suna ganin wannan ɓata lokaci ne tun da akwai na'urar da take ƙara idan zubi ya yi yawa ko ya yi kaɗan, ni kuwa ina ganin na'urar mataimakiya ce kawai, kuma dole ido ya leƙa cikin kowane kwanso kafin a ɗora masa kai.

Haka nan ba a yi wa firama ƙarfi. Ana jera guda 100 a cikin bututu ɗaya, kowace a kan 'yar'uwarta, kuma idan ɗaya ta tashi a wurin da bai dace ba tana iya tayar da sauran gaba ɗaya, shi ya sa masu ƙera injin suke sanya bututun a cikin kuben ƙarfe mai fuskantar sama. Idan hannu ya ji turjiya wajen zaunar da firama, tsayawa ake yi a duba. Ƙurar da take taruwa a cikin bututun ita ma tana kamawa da wuta, don haka ana goge shi lokaci zuwa lokaci, kuma ba a aiki babu tabarau na kariya. Firamar da ta zauna daidai tana ɗan nutsewa ƙasa da gindin kwanso, yatsa yana jin haka idan an shafa.

Batun mai yana da nasa tsari. Babbar sandar da take ɗaga faifai tana son man inji kaɗan, gaɓoɓin hannu suna son giris, amma duk inda firama ko albarushi suke bi a bushe ake barinsa, domin mai yana kama ƙura ya zama laka, kuma yana iya lalata su. Dayis ɗin zaunar da kai yana tara maiƙon da ke jikin kawunan dalma, kuma yayin da maiƙon yake taruwa kai yana ƙara nutsewa cikin kwanso a hankali, wuri ya ragu, matsin wuta ya ƙaru, saboda haka kalifa, wato abin auna tsawon harsashi, ba ta barin kan tebur. Ma'aunin albarushi da yawan wuri yake aunawa, ba da nauyi ba, don haka sai an riƙa tabbatar da shi a kan sikeli, wanda yake lissafi da giren, kuma giren 7,000 ne suke yin laba ɗaya. Ba a barin albarushi ya kwana a cikin mazubinsa, domin yana cin robar, kuma bayan wani lokaci mai shi ba zai iya rantsuwa a kan wane iri ne ba. Gwangwani ɗaya kaɗai ake ajiyewa a kan tebur. Ina kuma tuna wa mutane cewa yawancin firama suna ɗauke da sinadarin dalma, kuma ƙurar tsofaffin firama da ta injin wanke kwanso tana shiga jiki, don haka ba a cin abinci a wurin, ana wanke hannu da sabulu, kuma ba wurin wasan yara ba ne.

Kafin in mayar wa mutum injinsa, nakan zagaya da kwanso ɗaya tak ta dukkan tashoshi babu firama babu albarushi, ina sauraron kowace tasha ita kaɗai, sannan in cika faifan in sake gwadawa. Bayan haka sai in ce mai injin ya zauna ya ja da kansa ina kallo. Sau da yawa a nan ake gano sauran matsalar, domin wani ba ya kai hannu ƙarshen tafiyarsa a ƙasa, ma'aunin albarushi bai gama buɗewa ba ya dawo, wani kuma yana mantawa da turawar ƙarshe zuwa gaba wadda ita ce take zaunar da firama, wani yana fizga da sauri a farko ya sassauta idan ya gaji, zubin albarushinsa ya riƙa bambanta. Irin waɗannan nakan sa su yi ta ja da kwanso marar komai har jan nasu ya daidaita daga sama zuwa ƙasa, sannan mu zuba firama goma kacal a bututu, su cika harsashi goma, mu auna kowanne a ma'aunin kwanso kafin su ɗauki injin su tafi.