Abin da na koya a teburin ciniki da Isra'ilawa

Harkar noman rani ce ta haɗa ni da 'yan kasuwar Isra'ila, domin sun yi fice wajen ban-ruwa na ɗigo, wanda kamfanin Netafim ya fara yaɗawa tun 1965 daga ƙauyen Hatzerim da ke hamadar Negev. Wani kamfani dabam na je gani a Tel Aviv, kuma tun wajen tsayar da rana na ga bambanci. Makon aikinsu yana farawa Lahadi ya ƙare Alhamis, hutun Asabar kuwa yana shiga tun faɗuwar ranar Juma'a, ba a kiran mutum a cikinsa kan sha'anin aiki. Satumba da Oktoba ma cike suke da bukukuwa kamar Rosh Hashana da Yom Kippur, duk abin da ka nema sai a ce maka bayan bukukuwa.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda suke magana. Babu doguwar gaisuwa, babu "ranka ya daɗe". Shugaban kamfanin ya shigo ba kwat ba laktaye, yaransa suna kiran sa da sunansa kai tsaye. Ina tsakiyar bayani wani matashin injiniya ya katse ni, ya ce lissafin ruwan da na kawo ba zai yiwu ba, sannan ya juya ya musanta wa maigidansa da murya sama. A wurinmu wannan rashin tarbiyya ne. A wurinsu alama ce cewa an ɗauki maganarka da muhimmanci, kuma wanda ya yi shiru don kara, za a ɗauka ko dai ya amince ko kuma ba shi da ta cewa. Saboda haka na ajiye "bari mu gani" da "sai na yi shawara", duk farashin da bai yi mini ba na ce bai yi ba, na kawo dalili da alƙaluma. Daga nan ne ma suka fara sassautowa, domin tayin farko a wurinsu buɗe ciniki ne kawai.

Akwai wuraren da ake taka-tsantsan. Masu riƙo da addini a cikinsu ba sa musabaha da wanda ba jinsinsu ba, don haka nakan jira a miƙo mini hannu. A wajen cin abinci, mai kiyaye dokar kosha, wato dokar abinci ta addinin Yahudawa, ba ya cin naman alade, ba ya kuma haɗa nama da madara, shi ya sa nake barin mai masauki ya zaɓi wuri. Batun Falasɗinu kuwa, ko da yake ina da ra'ayina, ban ga amfanin buɗe shi a zaman ciniki ba.

Suna yanke shawara da sauri, suna kuma iya sauya tsari da sauri, don haka bayan kowane zama nakan rubuta abin da aka amince a kai, da farashi da ranar kawo kaya, in aika musu kafin dare.