Abin da mafitsarar tayi ta koya mini a ɗakin sikanin

A littafi, cutar Eagle-Barrett, wadda likitoci suka fi sani da prune belly saboda yadda fatar cikin jariri ke yamutsewa, tana da alamomi uku: tsokar bangon ciki ba ta ginu ba, hanyoyin fitsari sun kumbura, 'ya'yan maraina kuma ba su sauko ba. Kusan duk masu ita maza ne, kuma akan samu ɗaya cikin haihuwa 30,000 zuwa 40,000. A kan allon sikanin kuwa, tsakanin mako 11 zuwa 14 na juna biyu, ba ka ganin ukun nan a jere. Baƙar da'ira za ka gani ta mamaye ƙasan cikin tayin: mafitsara ce ta cika ta ƙi raguwa.

A nan na koyi riƙe bakina. Sai ka auna tsawonta tukuna. Daga milimita 7 ta wuce ƙima. Tsakanin 7 da 15, idan ƙwayoyin halittar tayin lafiya suke, yawanci takan sace da kanta cikin 'yan makonni. Idan ta haura 15, toshewa ce ta fi yawa. Kuma toshewar bututun fitsari a ɗa namiji tana iya ba da wannan hoton sak, don haka a takardar sakamako kumburin mafitsara nake rubutawa da awonsa, ba sunan cuta ba.

Abin da ya fi ruɗar sabon ma'aikaci shi ne ruwan da tayi ke kwance a ciki. Kafin wajen mako 16 ba fitsarinsa ne ke samar da akasarin ruwan ba, saboda haka ganinsa a wadace da wuri ba shaida ba ce cewa ƙoda na aiki. Daga baya ne gaskiya ke fitowa, kuma idan ruwan ya ƙafe, huhu ba ya girma yadda ya kamata. Wannan, fiye da yamutsattsen cikin, shi ke kashe jarirai da yawa a kwanakin farko.

Uwa kan tambaya, "Likita, lafiya dai?" Nakan ce, "Hajiya, mafitsararsa ta yi girma, za mu sake dubawa bayan mako biyu, ki zo da maigida." Matsalar ita ce a wajenmu mata da yawa ba sa fara awo sai ciki ya kai wata biyar ko shida, lokacin da ruwan ya riga ya ja baya.