Mita 70 da ban sa a lissafi ba

Har yau idan na bi ta layin gidan nan sai na ji gabana ya faɗi. Shekara 11 ina aikin wayarin a Kano, ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Wani Alhaji ne ya gina wa ɗansa sashe a can ƙuryar gida, yaron zai yi aure. Mitar wuta tana bakin ƙofa, aikina in jawo wayar da za ta ciyar da akwatin rarraba wuta na sabon sashen. Na zauna na tara kayan: esi biyu, hitar wanka, firji, dutsen guga, fitilu da fankoki. Da na rage kaɗan, tunda ba duka ake kunnawa lokaci guda ba, sai na tsaya a amfiya 32, wato yawan wutar da za ta bi ta wayar. Teburin littafin ƙa'idar wayarin na Ingila, BS 7671, wanda da shi aka koyar da mu, ya nuna waya mai 6mm (wato kaurin jan ƙarfenta murabba'in milimita 6) a cikin bututu tana ɗaukar amfiya 41. Ban ma manta da zafi ba. An yi teburin ne a kan digiri 30, mu kuwa bazararmu tana kai 40, don haka na ninka da 0.87, ya ba ni kusan 36. Ya haura 32. Na rufe littafi hankalina kwance.

Ni da hannuna na warware wayar nan, mita 70, ta bi jikin katanga har baya. Na ga tsawon da idona, na biya kuɗinsa, amma ko sau ɗaya bai shiga lissafina ba.

Sati uku da tarewar amarya Alhaji ya kira ni. Esi sai gurnani, ba ya tashi. In aka kunna hita, fanka sai ta yi sanyi kamar za ta tsaya. Firjin amarya kuma, sabo dal daga gidan iyayenta, kwamfiresonsa ya ƙone. Na je da magariba na sa suka kunna komai. A bakin ƙofa na auna bolt 205, dama wutar unguwar ba ta cika zuwa da ƙarfi ba. A sashen baya na samu 189. Bolt 16 sun salwanta a cikin wayar da na ja.

A tsaye a tsakar gidan na kira maigidana da ya koya min aiki. Na fara zayyano masa amfiya da zafi, sai ya katse ni.

"Mita nawa ka ja?"

"Saba'in, maigida."

Ya yi shiru. Can ya ce, "To ninka mana."

Lissafin da ko minti ɗaya ba ya ci. Waya mai 6mm tana zubar da milibolt 7.3 a kowace amfiya a kowace mita (milibolt 1000 ne bolt ɗaya). 7.3 sau 32 sau 70, a raba da 1000, bolt 16 da ɗoriya, daidai abin da na auna. Ƙa'ida kuwa ta ce kada zubar ta wuce kashi 5 cikin 100, wato bolt 11.5 a kan 230, a layin fitilu ma kashi 3 ne, bolt 6.9. Kuma daga inda wuta ta shigo gida ake ƙirgawa har soket na ƙarshe, ba a wayar ciyarwa kaɗai ba. Abin da ya fi ci min rai, wayar ba ta yi zafi ba, bireka bai taɓa faɗuwa ba. Duk abin da na duba daidai yake. Wanda ban duba ba, shi ne ya kashe firjin.

Zuciyata ta so in lallaɓa da 10mm saboda kuɗi. Na buga: 4.4 sau 32 sau 70, kusan bolt 10. Tana ƙasa da 11.5, amma ta wuce iyakar fitilu, kuma ba ta bar komai ga wayoyin cikin ɗaki ba. Sai 16mm mai 2.8, wadda ke zubar da bolt 6 da 'yan kai. Ita ma da ƙyar ta shiga.

Nan wata ta taso. Bututun da na binne 20mm ne, ba yadda za a yi wayoyi uku masu 16mm su bi ta ciki. Dole aka fasa filasta, katangar da aka yi wa sabon fenti saboda biki. Ina tsaye leburori suna sara, amarya tana leƙowa ta taga.

Na ce wa Alhaji, "Ranka ya daɗe, laifina ne." Bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Malam, ai da ka ce kuɗin waya bai isa ba, da na ƙara maka." Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi. Shi ya biya bambancin kuɗin waya, ni na ɗauki bututu, magini, fenti da gyaran firji. Ribar aikin duka ta tafi, har na ciko daga aljihuna. Wajen sayen sabuwar wayar ma sai da na kankare bakinta da wuƙa a gaban mai shago, don akwai wadda ciki alminiyom ne aka shafa mata jan ƙarfe, ba zan ɗauki asara biyu ba.

Yanzu ba na faɗin kuɗin aiki sai na ja tef daga mitar wuta zuwa inda akwatin zai zauna, in bi kowace kwana. Satin da ya wuce wani mai gida ya fasa ba ni aiki saboda na rubuta masa 16mm, wai wani ya ce 6mm ta isa. Na tambaye shi ko mutumin ya auna tsawon. Ya ce a waya suka yi magana.