Daren 'yan jita a Agadas

Bayan sallar asuba muka bar Damagaram, muka kama hanyar Tanut. Tsakanin Damagaram da Agadas ya haura kilomita 400, amma ba nisan ne ya gajiyar da mu ba kamar ramuka da ƙura. Muna wuce Tanut gonakin gero suka ƙare, sai ƙaya da raƙuma da fili iya ganinka. Rana na gab da faɗuwa na hango hasumiyar masallacin Agadas, ginin ƙasa zalla mai tsayin mita 27, itatuwa sun fito a jikinta ta kowane gefe.

Biki ne ya kai ni, na ƙanin wani abokina. Ina ajiye jaka mahaifiyarsu ta turo min fura, ta ce, "Ɗana, sha ka ɗan miƙe, yau 'yan jita za su zo, ba mai barci."

'Yan jitar kuwa su ne Etran de L'Aïr, wato taurarin Azbin, sunan da na daɗe ina ji. 'Yan gida ɗaya ne, wa da ƙane da ɗan baffa, kuma tun 1995 suke wannan sana'a. Abokina ya ba ni tarihinsu muna zaune a kan tabarma ana dafa shayi. Da jita ɗaya suka fara, wadda ba ta amfani da lantarki, gangarsu kuma ƙwarya ce da ake kaɗawa da takalmi. Ba su da uban gida, ba su da kamfani. Bukukuwan talakawa suka riƙe, na aure da na suna, a unguwannin da manyan makaɗa ba sa leƙawa. A haka suka tara kayan kiɗa ɗaya bayan ɗaya.

Bayan isha'i aka share fili a ƙofar gida, aka shimfiɗa dardumai, aka tayar da janareta. Suka fito cikin manyan riguna da rawani, aka ɗora lasifika a kan kujeru. Abin da ya fara kama ni shi ne yatsun mai jitar farko. Ina kusa da shi ƙwarai, ina ganin yadda suke gudu a kan tsirkiya, shi kuma fuskarsa a natse kamar mai ɗinki. Jita ta biyu ta shigo ta bi bayan ta farko, mai ganga ya ƙara wuta, mata suka rangaɗa guɗa. Kafin ka ce kwabo ƙura ta tashi, tsofaffi da yara duk suna cikin fili, ana liƙa kuɗi a goshi. Turawa na kiran wannan kiɗa rok na sahara. A wurin mutanen garin sunansa jita kawai.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne ba su canja kiɗansu don neman kasuwar waje ba. Sai da suka shafe sama da shekara ashirin suna kiɗan biki kafin wani ƙaramin kamfani na Amurka, Sahel Sounds, ya fitar da faifansu na farko a 2018. Na biyu ya fito a 2022, suka sa masa sunan garinsu. Daga nan suka shiga yawon wasa a Turai da Amurka da kiɗan nan dai na ƙofar gida. A ganina wannan ya fi kowace lambar yabo.

Da tsakar dare man janareta ya ƙare, wuri ya yi duhu. Ba wanda ya tashi. Mata suka ci gaba da tafi, mai ganga bai tsaya ba, har wani yaro ya dawo da galan a kan babur.

Kwana uku na yi. Ran komawa, a tasha, na sa aka tura min waƙoƙinsu a katin waya, na miƙa wa direba. Da su muka kai Adarbisanat, inda muka tsaya sallar azahar.