Godiya ga mahalarta bitar listeriya a Kaduna, da bayanin da muka yi alkawarin rubutawa

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Alhamdu lillahi, bitar da muka gudanar ranar Asabar da ta wuce a nan Kaduna kan ƙwayar cutar listeriya ta kammala, an tashi lafiya, kowa ya isa gida lafiya. Mu da muka haɗa kai muka shirya ta, 'yan duba-gari da likitocin dabbobi da ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje, ba mu da abin cewa sai Allah Ya saka wa kowa da alheri.

Godiya ta farko ta iyayenmu mata masu nono ce. Wasunsu tun asuba suka baro rugage ta hanyar Kachia da ta Zariya, suka bar cinikin yini guda, suka zauna har aka tashi, kuma tambayoyin da suka fi kama hankali daga bakinsu suka fito. Sai masu yogot da kunun aya na Tudun Wada da Rigasa da Kawo, da mahauta masu tsire da balangu, da matasa masu shawarma na Barnawa da Unguwar Rimi, da masu yanka kankana a bakin titi, da masu ɗakunan sanyi. Ungozomomi da nas-nas da suka zo a ranar hutunsu, mun gode ƙwarai. Malamanmu limamai da fastocin da suka yi mana sanarwa a masallatai da majami'u, Allah Ya ƙara girma.

Da yawa sun roƙa a rubuta musu abin da aka faɗa, musamman lissafin digiri da awon bilic (ruwan wankin nan mai kashe ƙwayoyin cuta), don baki ba ya riƙe lamba. Ga shi nan, a tura wa wanda bai samu zuwa ba.

Cikakken sunan ƙwayar Listeria monocytogenes. Tana zaune a cikin ƙasa, a ruwan kwata, a ruɓaɓɓiyar ciyawa, da kashin shanu da tumaki da awaki. Ba ta sauya wa abinci launi ko wari ko ɗanɗano, don haka shinshinawa da ɗanɗanawa ba sa gano ta. Abin da ya sa muka ware mata yini guda shi ne halinta da sanyi. Yawancin ƙwayoyin da ke sa amai da gudawa suna daina hayayyafa da zarar abinci ya shiga firij. Ita kuwa tana ci gaba da ninkuwa har a kusa da digiri 0 na ma'aunin Salsiyos, sai dai a hankali. A cikin madara mai digiri 4 tana ɗaukar kwana ɗaya zuwa biyu kafin ta ninka, a digiri 8 kamar rabin yini, a digiri 35 kuwa ko awa ɗaya ba ta kaiwa. Firiza tana tsayar da ita amma ba ta kashe ta, ana narkar da abin sai ta ɗora daga inda ta tsaya. Gishiri ma bai dame ta ba, tana girma ko da ya kai kashi 10 cikin ɗari. Wuta ce kawai maganinta a cikin abinci.

Ku dubi waɗannan lambobi ku tuna da firij ɗinmu na Kaduna, wanda ake ɗauke masa wuta a kawo, yara suna buɗewa suna rufewa, an cusa masa kaya har iska ba ta zagayawa. Irin wannan firij da wuya ya zauna a digiri 4. Taɓa kwalba da hannu a ji ta yi sanyi ba awo ba ne. Duk mai sayar da abinci mai sanyi ya sayi ƙaramin ma'aunin zafi na firij, ya ajiye shi a tsakiyar firij ɗin, ba a jikin ƙofa ba, ya duba safe da yamma. Digiri 4 ko ƙasa ake nema.

Lafiyayyen babba zai iya cin ta bai ji komai ba, ko ya yi ɗan zazzaɓi da gudawa su wuce. Waɗanda take yi wa ɓarna su ne masu juna biyu, da jarirai sababbin haihuwa, da dattawa, da masu raunin garkuwar jiki irin masu ciwon suga, ciwon ƙoda, ciwon daji ko cuta mai karya garkuwa. Mai ciki ta fi sauran mutane saurin kamuwa aƙalla sau 10. Ita uwar ba ta jin komai sai zazzaɓi da ciwon jiki, alhali ƙwayar ta bi ta mabiyiya ta isa ga ɗan. Daga nan sai ɓari, ko bakwaini, ko a haifi jariri babu rai, ko ya zo da ciwo a jini. Ga dattawa takan zama sanƙarau. Cikin waɗanda ta shiga wa jini ko ƙwaƙwalwa, kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari ba sa tashi. Kuma ba ta nuna kanta da wuri: yawanci mako ɗaya zuwa biyu, wani lokaci har kwana 70. Wa zai tuna salak ɗin bikin da ya ci wata biyu da suka wuce? Shi ya sa mai sana'a zai iya cutar da mutane bai taɓa jin ƙorafi ba.

Ba tsoratarwa muke yi ba, an gani a wurare. A Afirka ta Kudu, tsakanin 2017 da 2018, mutum 1,060 aka tabbatar sun kamu, 216 suka rasu, kuma kusan huɗu cikin goma na masu ciwon jarirai ne. An bi sawu har wata masana'anta a garin Polokwane mai yin sarrafaffen nama irin na sosej, wanda ake yankawa a sa a burodi ba tare da an sake dafawa ba. A Kanada a 1981, kabejin da aka noma da takin tumaki aka yi salak da shi, mutum 41 suka kamu. A Amurka a 2011, wani nau'in kankana mai kaushin ɓawo daga wata gona a jihar Kolorado ya kwantar da mutum 147, 33 suka rasu, kuma bincike ya nuna injin wanki mai wuyar tsaftacewa da ruwan da ke kwanciya a daɓen wurin. Nama, kabeji, kankana: duk muna sayar da su a garin nan.

Iyayenmu masu nono, naku bayanin ya fi tsawo. Saniya za ta iya zubo ƙwayar a cikin madara ba tare da ta nuna ciwo ba, amma an fi samunta daga kashin da ya manne a hantsa da ƙurar garke. A wanke hannu da sabulu, a wanke hantsa a goge ta da ƙyalle mai tsabta ta bushe kafin a fara tatsa. Sannan a dafa madarar har ta taso. A masana'anta digiri 72 na daƙiƙa 15 ake yi, ko digiri 63 na minti 30, don haka tafasa ta wuce abin da ake bukata. An yi ta tambaya ko tsami bai isa ba. Bai isa ba. Idan tsamin nono ya kai 4.4 a ma'aunin tsami, ƙwayar tana daina ƙaruwa, amma wadda ke ciki tana iya zama da ranta. Nonon da aka kwantar da ɗanyar madara yana ɗauke da duk abin da madarar ta zo da shi. Masu kindirmo da ke dafawa tun asali suna kan hanya, sai dai ɓarnar tasu tana zuwa ne bayan an sauke tukunya: ƙwarya mai tsaga, ludayi da maburgin da aka ɗauraye da ruwan rafi, tsohon kindirmon da ake zubawa a matsayin iri wanda ya kwana a buɗe, da ruwa ko ƙanƙarar da ake ƙarawa lokacin dama fura. Duk abin da zai taɓa madara bayan wuta, a zuba masa tafasasshen ruwa a kife shi ya bushe a rana. Ƙwaryar da ta tsage aka ɗinke, a mayar da ita ta awon hatsi. Masu yogot da madarar gari, ruwan haɗin ma a tafasa shi, kuma a rubuta ranar da aka yi a jikin kowace roba.

Mahauta, tsire da balangu suna sauka daga wuta da tsabtarsu. Matsalar tana kan tebur. Wuƙar da ta yanka ɗanyen nama ita ce ke yanka gasasshe, katako ɗaya, tsumma ɗaya mai danshi yana goge hannu da wuƙa da tebur tun la'asar har dare, sannan a yanka albasa da kabeji da tumatir a kai. A raba: wuƙa biyu, katako biyu, a ɗaure wa ƙotar ta ɗanyen nama jan ƙyalle don yaron shago kada ya rikita. Naman da ya kwana, a mayar da shi wuta har tsakiyarsa ta yi zafin da ke fidda tururi, wato digiri 75. Ɗumamawa sama-sama a gefen garwashi ba ta yin komai. Masu shawarma, sosej ɗin da kuka ciro daga firij a soya shi ya yi zafi har ciki, kuma kabejin da aka cakuɗa da mayonis kada ya kwana. Kilishi da ya bushe ƙayau ba ya ba ta damar girma, muddin bai sha danshi a ajiya ba.

Kankana da gwanda ba su da tsami, don haka da zarar an yanka, ƙwayar da wuƙa ta kwaso daga ɓawo ta samu abinci. A wanke ɓawon da ruwa mai tsabta da buroshi kafin a sa wuƙa, a yanka kaɗan-kaɗan gwargwadon ciniki. Yankakke bai kamata ya wuce awa 2 a waje ba, a zafin Maris da Afrilu kuwa, idan ya haura digiri 32, awa 1 ce. Mun san wannan yana da wuya ga mai tire a bakin titi, amma kula mai ƙanƙara a ciki ta fi asarar kwastoma araha. Kunun aya shi ma haka: ba a dafa shi, ba shi da tsami, a yi na yini a sayar a yinin. Latas da kabeji da karas na lambun bakin kogi, a cire ganyen waje, a wanke ɗaya bayan ɗaya da ruwan da ake sauyawa, ba a tsoma su duka a baho ɗaya ba.

Wanki kuwa sai an bi shi daki-daki, don listeriya tana yin wani yauƙi ta manne a jikin ƙarfe da roba kamar gansakuka a gindin randa, kuma a ƙarƙashin yauƙin nan bilic ba ya isa gare ta. Da farko a kankare ragowar abinci, a wanke da sabulu da ruwan ɗumi ana gurzawa, a ɗauraye, sannan a zuba ruwan bilic. Idan kwalbar ta ce 3.5 cikin ɗari, mililita 60 a lita 10 na ruwa, wato cokalin cin abinci 4 a bokiti mai lita 10. A bar shi ya jima aƙalla minti 2, a bar kayan su bushe da iska, kada a goge da tsumma. A haɗa sabo kullum, da ruwan sanyi, kuma kada a gauraya shi da wani sinadarin wanki. Zuba bilic a kan maiƙo asarar kuɗi ce. Wuraren da take ɓuya su ne robar bakin ƙofar firij, ramin da ruwan firij ke bi, ƙarƙashin wuƙar injin markaɗe, famfon tankin yogot, tsagar katako, da magudanar ruwan daɓe. Masu ɗakunan sanyi, kada ku wanke magudana da tiyo mai ƙarfi alhali abinci yana buɗe, feshin yana ɗaga ƙwayar ya sauke ta a kan kaya. Ruwan da ke ɗiga daga silin ɗakin shi ma a tare shi.

A firij, dafaffe a sama, ɗanyen nama da kifi a can ƙasa cikin roba mai murfi. Ragowar abinci kwana 3 zuwa 4 ne iyakarsa. Idan aka ɗauke wuta, firij da ba a buɗe ba yana riƙe sanyi kamar awa 4, firiza cikakkiya awa 48, mai rabin kaya awa 24. Bayan haka, abin da za a iya sake dafawa a dafa shi nan take, wanda ba a dafawa kamar yogot mai zaƙi da salak da yankakkiyar kankana a zubar.

Makiyaya, tunkiya ko akuyar da ta karkata kai tana zagaye waje ɗaya, kunne ɗaya ya faɗi, yawu yana zuba, ko dabbobin da suka yi ta ɓari a jere, a ware su a kira likitan dabbobi. Kada a sha madararsu, kuma mace mai ciki kada ta taɓa ɗan ɓarin ko mabiyiyar. A binne su da zurfi.

'Yan uwanmu ungozomomi da nas-nas, mai cikin da ta zo da zazzaɓi aka gwada babu maleriya, a tambaye ta abin da take ci da sha, a tura ta ɗakin gwaje-gwaje inda za a shuka jininta a ga ƙwayar da za ta fito. Amfisilin ne maganin da aka fi dogara da shi, seftiriyazon da aka saba bayarwa ba ya kama listeriya. Wannan aikin likita ne, ba na sayen magani a kemis ba. Ita kuma mai cikin, har ta sauka lafiya, ta bar ɗanyen nono da salak ɗin biki da yankakkun 'ya'yan itacen titi da sosej mai sanyi, ta ci abin da ya sauka daga wuta da zafinsa.

Ba za mu manta da mai gidan da ya ba mu zaure da kujeru kyauta ba, da matasan da suka yi ta fassara zuwa Fulatanci ba gajiya, da Hajiyoyin da suka dafa abincin rana suka kawo shi yana tururi. Wanda yake son mu zo mu duba masa shago ko ɗakin sanyi, ya faɗa wa shugaban ƙungiyar sana'arsa, za mu tsara zagaye unguwa-unguwa. Allah Ya sa albarka a sana'o'inku, Ya sauki masu ciki lafiya, Ya zaunar mana da Kaduna lafiya. Amin.