Yadda na sabunta kayan feshin fenti ba tare da na karya jari ba

Ina da ƙaramin shagon zane a Kano, inda ni da yara biyu muke yi wa tankunan babura da hulunan kwano ado, muna kuma fenta ƙananan samfuran gidaje da ɗaliban zanen gini suke kawo mana. Babban makamin aikinmu shi ne alƙalamin feshi, wato 'yar ƙaramar bindigar fenti da ake riƙewa kamar biro, wadda iska take jan fenti ta bakinta a kan wata siririyar allura. Da sha'awa kawai na fara a tsakar gida, kafin abin ya zama sana'ar da nake ciyar da iyali da ita.

Kwamfreson da na fara da shi, wato injin da yake matso iska zuwa alƙalamin, na tsohon firji ne, wani mai gyaran firji ya haɗa mini shi da tiyo. Ba shi da ƙara, amma yakan turo ɗigon mai tare da iska, kuma mai da fentin ruwa ba sa shiri. Daga nan na koma ƙaramin kwamfreso marar tanki, wanda iskarsa take fitowa da bugu-bugu daidai da motsin fistin, har siririn layi ya riƙa fitowa da kauri a wani wuri da siranta a wani. Na daɗe ina ɗora laifin a kan alƙalamin, har na fara tara kuɗin sayen na Japan. Allah ya taimake ni wani abokin sana'a ya ara mini kwamfresonsa mai tanki na kwana biyu, kuma da tsohon alƙalamina ɗan Sin na ja layin da ban taɓa iya ja ba. A ranar na karkatar da kuɗin zuwa ga iska.

Wanda na saya shi ne samfurin AS186, ƙirar Sin, mai tankin lita 3, wanda ba ya amfani da mai. Yana kashe kansa idan matsin iska ya kai 4 a ma'aunin matsi da ake kira bar, ya sake tashi idan ya sauka zuwa 3, saboda haka injin yana samun hutu kuma ba ya saurin zafi. Tankin ne yake shanye bugun fistin, iskar ta fito a miƙe. Ƙarfinsa kashi ɗaya cikin shida ne na ƙarfin doki, don haka ƙaramar inbata tana ɗaukarsa idan an ɗauke wuta, abin da yake da muhimmanci ga duk mai shago a nan. Mai saye daga waje ya duba lantarkin da aka rubuta a jiki, domin na kasuwar Amurka na bolt 110 ne, namu kuwa 230, kuma jona shi kai tsaye ƙona shi zai yi.

Regileta, wato abin daidaita ƙarfin iska, da matatar ruwan da suke zuwa tare da shi sun fi ƙarfin a raina su. Iskar da aka matse takan yi zafi, idan ta huce sai danshinta ya koma ruwa, kuma da damina ruwan nan yakan bi tiyo ya tofu a kan aikin da aka kusa gamawa. Tankin babur guda na taɓa gogewa gaba ɗaya saboda haka. Yanzu na ƙara wata 'yar matata a gindin alƙalamin, kuma duk yamma yaro yana kwance noti na ƙasan tanki ya zubar da ruwan da ya taru, don kada cikin ya yi tsatsa. Da hunturu matsalar juyawa take yi: fenti yana bushewa a tsinin allura tun kafin ya isa jikin aiki, ƙura kuma tana sauka a kan ɗanyen fenti. A lokacin muna ƙara tsinka fentin har ya yi ruwa kamar sabuwar madara, mu rage iska zuwa tsakanin 15 da 20 a wani ma'aunin matsi da ake kira PSI, mu kuma yayyafa ruwa a daɓe kafin mu fara.

Sai bayan wata shida na sauya alƙalami. Na zaɓi mai kofi a sama, domin fenti yana gangarowa da kansa, ba ya buƙatar iska mai yawa, kuma mai kunama biyu-a-ɗaya, wadda dannawa take sakin iska, ja baya kuma ya saki fenti. Masu koyo da yawa suna ɗokin allurar milimita 0.2 saboda siranta, amma tana toshewa da wuri, kuma a ganina 0.35 ta fi dacewa da yawancin aikinmu. Iwata Eclipse HP-CS, ƙirar Japan, na saya, kuma abin da ya ja ni gare shi shi ne bakinsa zurawa ake yi, ba ɗaurawa ba. Masu araha da na yi amfani da su a baya bakinsu ƙanƙane ne mai zare, kuma biyu sun karye mini a ciki wajen ɗaurewa. Tun da kayan gyaransa ba sa samuwa cikin sauƙi a kasuwanninmu, na haɗa odar da allura da baki na ajiya. Haka kuma na tabbatar zaren tiyo ya dace, domin Iwata da wannan kwamfreso duk inci ɗaya bisa takwas suke amfani da shi, alhali alƙaluman kamfanonin Badger da Paasche na Amurka sai da mahaɗi.

Tsohon alƙalamin ban jefar da shi ba. Na sa masa allurar 0.5, da shi muke fesa fentin shimfiɗa na farko da banish mai sa ƙyalli, kuma da shi yaran suke koyon riƙo kafin in ba su sabon. Ragowar kuɗin ya tafi ga takunkumin fuska guda uku masu matatar sinadari da fankar da take fitar da tururin tina, wato sinadarin tsinka fenti, ta taga, domin ƙyallen da muke ɗaurawa a hanci a da ba ya tare shi.